Wane bututu ya dace da tsohuwar Rolling Block mai cin baƙin albarushi?

Tambaya: Ina zaune a Amurka, na sayi gangar jikin tsohuwar bindigar soja, Remington Rolling Block lamba 1. Bututunta tsatsa ta cinye shi. Ina so maƙerin bindiga ya ɗaura mata sabo, in riƙa shiga gasar harbin gumakan ƙarfe da baƙin albarushi, wata rana ma in gwada yadi 1,000. Wane kamfani zan saya, kuma inci nawa?

Amsa: Malam, ka fara da tambayoyi biyun da ya kamata su zo ƙarshe. Sunan kamfani da tsawon bututu sai an gama da harsashi ake zancensu. Dalmar da za ka harba, nauyinta da tsawonta, ita ke faɗa maka faɗin ramin bututu, da yawan murɗin tsagarsa, da yadda za a yanka maƙogwaronsa, wato wurin da tsagar ke farawa. Bayan nan sai dokar nauyi ta gasar ta faɗa maka kauri da tsawo. Wanda ya sayi bututu don ya ga yana da kyau a hoto, sannan ya shiga neman harsashin da zai dace da shi, sau biyu zai biya kuɗin aiki.

Mu fara da abin da gasar take nema. Gumakan ƙarfe huɗu ne: kaza a mita 200, alade a mita 300, talotalo a mita 385, rago a mita 500. Kaza a tsaye ake harbinta ba tare da madogara ba, sauran ukun kuwa ana ɗora bututu a kan sanduna biyu da aka gitta. Maki ba ya shiga sai gunkin ya faɗi, ragon kuma ya haura kilo 20, don haka dalma mara nauyi tana iya dukansa ya yi ƙara ya tsaya cak. Dokar NRA, ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, ta ce bindiga mai saitin ƙarfe kada ta wuce laba 12 da oza 2, wato kilo 5.5. Riƙe wannan lissafin, za mu komo kansa.

Harsasan da suka fi yawa a wannan fage uku ne. Akwai .45-70 (.45 faɗin dalma ne a inci, 70 nauyin albarushi), wanda sojan Amurka suka karɓa a 1873, kwansonsa, wato mazubin albarushin, inci 2.1, ana samunsa ko'ina. Akwai .40-65, wanda ake matse kwanson .45-70 a mayar da shi, yana cin dalma mai giren 400 zuwa 420 (giren ma'aunin nauyin dalma da albarushi ne), bai cika naushin kafaɗa ba. Sai .38-55, mai daɗin harbi, amma rago yakan ba shi kunya idan iska ta taso. Da a ce gumaka kaɗai kake so, da .40-65 zan nuna maka, domin harbi 40 ko 60 a rana guda da dalma mai giren 535 yana gajiyar da mutum, wanda ya gaji kuma sai ya fara ƙifta ido kafin ya ja kunama. Tunda ka ambaci yadi 1,000, .45-70 ya fi maka. Akwai .45-90 mai kwanso inci 2.4, ya fi gudu a nesa, sai dai a Rolling Block dogon harsashi yakan ci karo da hancin gudumar da ke tashin harsashi wajen turawa, sai an rage ƙarfen gudumar, kuma ba kowane maƙeri ke son taɓa wurin ba. Su .45-110 ka bar wa bindigar Sharps ta 1874.

To, murɗi. A cikin bututu akwai tsaga da ke tafiya tana juyawa, ita ke sa dalma ta riƙa katantanwa a iska. Idan an ce 1:18, ana nufin dalma za ta juya sau ɗaya a kowane inci 18 na tafiyarta. Abin da mutane ke mantawa shi ne tsawon dalma ke neman murɗi, nauyi biye yake. Akwai tsohon lissafin Greenhill na 1879: ka ninka faɗin dalma da kansa, ka ninka da 150, ka raba da tsawonta, duk a inci. Dalmar .458 mai tsawon inci 1.45 za ta ba ka wajen 21.7. A takarda ke nan 1:22 ya isa, kuma 1:22 ɗin ne a tsohuwar bindigar Springfield ta soja mai tsaga uku. A fili kuwa labari ya sha bamban. Baƙin albarushi yana fitar da irin wannan dalma da gudun ƙafa 1,150 zuwa 1,250 a daƙiƙa, gudun sauti kuma wajen ƙafa 1,120 ne. Ke nan tun ba ta yi nisa ba take faɗowa ƙasa da gudun sauti, a wannan tsallakawar kuma iska takan girgiza ta. Dalmar da juyinta ke bakin gaɓa za ta yi maka rami mai kyau a mita 200, a mita 500 ka ga ramin ya zama kamar ƙwai, a yadi 1,000 ta zo a karkace ko ta ɓace gaba ɗaya. Shi ya sa mutanen wannan fage suka tsaya a 1:18 ga .45 mai giren 500 zuwa 540, wasu masu harbin nesa da dalma mai dogon hanci suka koma 1:16. Ga .40 mai giren 400 zuwa 420, 1:16. Ga .38 mai giren 330 zuwa sama, 1:12 zuwa 1:14. Bindigar Browning 1885 da aka yi musamman don wannan gasa a shekarun 1990 ta fito da 1:18 a .45-70 da 1:16 a .40-65, bututu inci 30, kuma har yau ana cin gasa da ita.

Hattara da bututun .45-70 da aka yi wa bindigar farauta mai maimaitawa. Da yawansu 1:20 ne ko 1:22, an yi su don dalma mai giren 300 zuwa 405. Suna da arha, shi ya sa suke yaudara. Idan bututu ya iso, kada ka yarda da abin da aka buga a gindinsa. Ka sa tsumma mai matsewa a sandar goge bututu mai juyawa, ka liƙa ɗan tef a matsayin tuta, ka tura a hankali har tutar ta zagayo inda ta fara, ka auna tafiyar sandar. Sau uku za ka yi.

Sai faɗin rami, wanda kashi biyu ne. Akwai faɗi daga tudu zuwa tudu, akwai daga kwarin tsaga zuwa kwarin tsaga. A .45 na zamani .450 ne da .458, a .40 kuwa .400 da .408, wato zurfin tsaga .004 a kowane gefe. Wannan a takarda ne. Naka sai ka auna shi: ka samo dunƙulen dalma tsantsa mai laushi da ta ɗan fi ramin girma, ka shafa mai a ciki, ka tura ta da sandar tagulla daga wannan baki zuwa wancan, ka auna da maikiromita. Idan tsagar shida ce ko takwas awon ba wuya, idan uku ce ko biyar tudu yana fuskantar kwari, maikiromita ta yau da kullum za ta yi maka ƙarya. Yayin turawar ka saurari hannunka. Ana so ka ji matsi iri ɗaya, ko ya ɗan ƙaru wajen baki. Idan ka ji ta kuɓuce a wani wuri sannan ta sake kamawa, ko ta yi sako-sako dab da baki, mayar da bututun tun ba a sa masa wuƙa ba, domin da an yanka masa zaren ɗaurawa a ganga ba mai karɓa. Dalma ba roba ba ce. Da ta matse a wuri mai ƙunci ba ta komawa, sai iskar albarushi mai zafi ta bi gefenta a wuri mai faɗi, ta narka ta, ta shafe maka bututu da dalma. Bayan wannan awo ne ake odar mazubin dalma, a nemi wanda zai ba da .001 sama da faɗin kwari, wato .459 ga bututun .458, da haɗin dalma 20 kuza 1, ko 30 da 1.

Duk wannan idan dalma mai tsagar maiko za ka harba. Masu naɗe dalma da takarda, irin na maharban ɓaunar Amurka na shekarun 1870, lissafinsu dabam: galibi ana naɗe ta ta zo daidai da faɗin tudu, .450, ta shige cikin bututu sosai, ɗan kaɗan kawai ke cikin kwanso, bugun albarushi ne ke kumbura ta ta cika tsaga. Ka yanke shawara a kan wannan tun yanzu, domin ɗakin harsashin, wato gurbin da yake zama a gindin bututu, ba iri ɗaya ba ne. Ga mai farawa, mai tsagar maiko ta fi sauƙin sha'ani.

Nan ne maganar maƙogwaro ta shigo, wurin da ɗakin harsashi ya ƙare tsaga ta fara. Bututu mai kyau da yawa a nan aka kashe su. Ɗakin .45-70 na asali kusan ba shi da maƙogwaro, daga bakin kwanso sai tsaga, don haka dole dalma ta nutse cikin kwanso ta cinye wurin albarushi. Kwanson zamani kuma ya fi na da kauri, da dalma mai giren 535 abin da zai ci bai cika wuce giren 60 zuwa 68 ba, duk da 70 ɗin da ke cikin sunan. Sai wasu su ce a buɗe dogon maƙogwaro don a ƙara albarushi. Idan ya yi tsawo, ko ya fi dalmar faɗi, dalma mai laushi za ta kumbura a cikinsa, ta karkace, sannan ta shiga tsaga a gurguje, ba abin da zai miƙar da ita kuma. Hanyar da ta fi: ka haɗa harsashin gwaji guda biyu ko uku ba albarushi ba hular da ke kunna shi, da ainihin kwanso da ainihin dalmar da za ka yi aiki da su, ka ba maƙeri, a zaɓi rima, wato wuƙar da ke yanka ɗakin, ko a yi odarta a kansu. Maƙogwaro gajere, faɗinsa bai wuce na dalma da fiye da .001 ba, gangarensa a kwance. Gajeren maƙogwaro ana iya ƙara shi gobe. Dogo kuwa sai an yanke gindin bututu an sake zare. Ka kuma tabbata hancin rimar ya zauna daidai a ramin bututunka, in ya yi sako-sako ɗakin zai fito a karkace da rami.

Yanzu dalilin da ya sa wannan bindiga ta bambanta da ta zamani: ƙanzo. Fiye da rabin nauyin baƙin albarushi ba ya zama iska, toka yake zama, wani kaso ya fita da hayaƙi, wani ya kwanta a bututu. Muddin maikon dalma, wanda galibi kakin zuma ne da kitse ko man tsiro, ya riƙe tokar da laushi, harsashi na gaba zai share ta. Da maikon ya ƙare kafin baki, incin ƙarshe sai su yi ƙanzo mai tauri kamar na gindin tukunya, dalma ta bi ta kansa ta kankare. Alamar lafiya ita ce ka ga tauraron maiko mai danshi a bakin bututu bayan harbi. In ka ga baki a bushe fari-fari, maiko bai kai ba. Shi ya sa tsawon bututu yake da iyaka. Inci 34 yana ba da tazara mai kyau tsakanin saitin gaba da na baya, yana ɗan ƙara gudu, amma a wuri mai zafi da bushewa irin Raton ta jihar New Mexico, inda ake gasar ƙasa, incin nan huɗu na ƙarshe su ne masu ba da wahala. Wanda ya san yadda iskar hunturu ke busar da komai ya gane abin da ake nufi. Masu hura numfashi a cikin bututu ta ɗan tiyo tsakanin harbi da harbi don tokar ta yi laushi sun fi shan wannan wuya, masu gogewa da tsumma mai danshi kowane harbi sun fi samun sauƙi. Ga .45-70, inci 30 shi ne tsaka-tsaki, 32 idan idonka ya fara neman saitin gaba ya yi nisa.

Saboda ƙanzon nan ne santsin cikin bututu ya fi sunan kamfani muhimmanci. Hanyoyi biyu aka fi bi wajen yin tsaga. Akwai yanka, inda wuƙa ke bi tana ɗebe ƙarfe kaɗan-kaɗan, irin aikin Krieger na Wisconsin, da Badger wanda ya yi wa Browning ɗin nan bututu kafin ya daina. Akwai ta maɓalli, inda ake ja ko tura wani ƙarfe mai tauri ta cikin rami ya danna tsagar a tafiya guda, irin aikin Douglas. Green Mountain na New Hampshire kuma ya daɗe yana sayar da bututun da aka riga aka yi wa gefe takwas a farashi mai sauƙi. Duka ana cin gasa da su, gardamar wanne ya fi ta fi yawa a baki. Bambancin da ya shafe ka ɗaya ne: dannawar maɓalli tana barin ƙarfe a takure, idan ba a gasa shi an saki takurar da kyau ba, ranar da aka sassaƙe bayansa aka siranta shi wajen baki, ramin yakan ɗan buɗe a daidai inda ba a so. Saboda haka in za ka sayi dunƙulen bututu zagayayye a yi masa gefe takwas daga baya, ka tambaya ko an saki takurar, ka kuma sake tura dalma bayan an gama sassaƙa. Ƙarfen 4140 ya isa har ya yi yawa ga matsin baƙin albarushi, yana kuma karɓar baƙin rini. Mara tsatsa ba ya karɓar rinin gargajiya, a jikin bindigar shekarun 1870 kuma sai ya zama kamar agogon roba a hannun dattijo mai babbar riga.

Mu koma ga laba 12 da oza 2. Kafin ka yi oda, ka ɗora gangar jikin, da katakon gindi, da na gaba, da saiti duka biyu, da sukurori, a kan sikeli. A ce sun ba ka laba 4 da oza 12. Saura laba 7 da oza 6, ka cire oza 3 ko 4 saboda sikelin gasa ba lallai ya yi daidai da naka ba. Lissafin bututu ba wuya: ƙarfe yana da nauyin laba 0.283 a kowane dunƙule mai inci ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, faɗin fuskar mai gefe takwas kuma shi ne awon gefe zuwa gefe a ninka da kansa, a ninka da 0.828, a cire faɗin fuskar rami, wanda a .45 ya kai wajen 0.162, sannan a ninka da tsawon bututu da kuma 0.283. Bututu mai inci 1.1 ba sirancewa, tsawo inci 30, zai kai laba 7.1. Wanda ya fara da 1.12 ya ƙare da 1.0 zai tsaya wajen laba 6.5. Wannan na biyun in ka ja shi zuwa inci 34 ya kai laba 7.4, ka haye iyaka. Kowane inci oza uku da rabi ne. A .40 kuma, da yake ramin ya fi ƙanƙanta, bututu mai kauri iri ɗaya ya fi nauyi da kusan oza 5, abin da mutane da dama ba sa lura da shi sai ranar awo. Rabi gefe takwas rabi zagayayye hanya ce ta rage nauyin gaba, kuma tana taimako a kan kaza, inda za ka riƙe bindigar a tsaye har harbi goma. Bututu mai nauyin baki yana kwanciya lafiya a kan sanduna, a tsaye kuwa yana karya hannu.

Ita kanta gangar jikin sai a duba ta kafin a kashe kuɗi. Waɗannan lamba 1 ɗin an yi su ne don baƙin albarushi, an sayar wa ƙasashe irin su Sifen da Masar, na Masar ɗin ma da yawa sun faɗa hannun mayaƙan Mahadi a Sudan a 1883. Ƙarfe ne mai shekara ɗari da hamsin, ba a san hannun da ya bi ba. Maƙeri ya duba tsagewa, ya duba manyan fil biyun da marufin gindin bututu da guduma ke juyawa a kansu. In sun ci, marufin zai ja baya lokacin harbi, gindin kwanso ya fito a karkace, sabon bututu ba zai gyara wannan ba. Zarenta mai kusurwa huɗu ne, ba irin mai tsini na Winchester 1885 ba, kuma kada a yanka shi daga awon littafi, a auna na gangarka. Dole gindin bututun ya yi kaurin da zai bar kafaɗa mai kyau da za ta zauna a fuskar ganga. Gefen sama ya tsaya daidai da saman ganga idan an ɗaure, in ya kauce ko kaɗan saitin gaba zai kwanta gefe, a nesa kuma harbi ya riƙa zamewa yayin da kake ɗaga saitin baya. Shi wannan harsashi a kan leɓen kwanso yake tsayawa, kaurinsa .070, a yanka wurinsa har marufi ya rufe ba wasa ba tilas. Maciro kwanson tsohon harsashin soja ba zai kama .45-70 ba sai an gyara shi.

Dunƙulen bututu yakan zo da alama a gefen da ya kamata ya zama gindi, a bi ta. A yanke aƙalla inci ɗaya daga bakin, domin nan kayan aiki ke shiga da fita, ramin bai cika zama daidai ba, don haka mai son inci 30 ya sayi 31 ko 32. Bakin a daidaita shi da rami, ba da bayan bututu ba. Gurbin saitin gaba, mai inci uku bisa takwas, a yanka shi da injin a hankali, kada a dunƙufa saitin da guduma, domin a siririn baki dukan yakan matse ramin da ke ƙarƙashi. Bayan an gama a zuba narkakken Cerrosafe, wani ƙarfe mai saurin narkewa, a ɗaki a ciro siffarsa a auna, a ajiye, ita za ta raba gardama in harbi ya ƙi.

Harbin farko a ɗaure bindigar, a ja kunama da igiya daga nesa, sannan a duba kwanso: kumburi, tsagewa, ko hula da ta turo baya. Baƙin albarushi kaɗai, mai ƙwayar 1.5F ko 2F, dalma ko fefen kwali ya zauna a kansa ba sarari. Harsashin .45-70 na kanti mai albarushi mara hayaƙi, musamman wanda aka cika don bindigogin zamani masu ƙarfi, kada ya kusanci wannan ganga. A ranar da aka yi harbi a ranar ake wanke bututu da ruwa, a busar, a shafa mai, domin tokar tana jan danshi. Dokar mallaka da ta ɗaura bututu ta bambanta daga jiha zuwa jiha a can, ka bincika ta inda kake. Mai karatu a Najeriya kuma ya sani cewa Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko haɗa ta ko gyara ta ba tare da lasisi ba.

Abin da za ka rubuta wa mai bututu ke nan: ƙarfe 4140, rami .450, kwari .458, murɗi 1:18, ko 1:16 idan dalmarka ta wuce inci 1.45, gefe takwas daga 1.12 zuwa 1.0, dunƙule inci 32 da za a gama a 30, ba ɗaki ba zare. Rimar kuma ta jira har harsashin gwajinka ya isa hannun maƙeri.